Ranar da Na Raɗa wa Shekara Suna a Kaura

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Nakan ajiye carbina in wuni ina nema, nakan ɗora ruwa a wuta in manta abin da zan dafa. Amma akwai wuni guda da ba zai bar ni ba har ranar da za a ɗauke ni a makara. Shi ne wunin da na shimfiɗa tabarmi a wani gidan haya a Kaura Namoda, na zauna ina jiran mutanen garinmu su zo a raɗa wa shekara suna.

Ni ban yi boko ba, ko allo ban yi nisa ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce, ita ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Wata rana ina ba ta labarin mai gidana, Allah ya jiƙansa, sai ta ce, "Inna, ai mijinki marubucin tarihi ne." Na ce mene ne haka kuma? Ta ce mutumin da ke adana abin da ya faru don na baya su sani. Ta ce ita kalmar tarihi daga Larabci ta zo, asalinta kuwa shi ne a sa wa abu lokacinsa, a ce kaza ya faru a lokaci kaza. Na ce to in haka ne ya yi aikin, sai dai bai taɓa riƙe alƙalami ba. Mu a wajenmu uban shekara muke cewa.

Garinmu ɗan ƙauye ne a bayan Dauran, ƙasar Zurmi. Ban san ko ana wannan al'ada a wani wuri ba, ni dai ban taɓa ji ba. In kaka ta yi, aka gama girbi, ranar da za a sa damin farko a rumbun mai gari, sai kowa ya taru, maza a gaba, mu mata a bayan darni. A daka gumba da sabon gero. Sai uban shekara ya tashi ya dafa rumbun da hannunsa, ya jero sunayen shekarun garin tun daga ta farko, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wadda ake ciki. Sannan ya faɗi sunan da ya zaɓa mata. Jama'a su amsa, "Mun ji." In ba a amsa ba, suna bai zauna ba. Da waɗannan sunaye muke sanin komai namu. Wace shekara aka haifi wance, yaushe aka raba gonar su wane, wa ya girmi wa. Tsofaffinmu sukan ce shekarar da ba a raɗa wa suna ba ba ta tafiya, tana nan tsaye a bakin ƙofa.

Asalin sunan kuwa gori ne. An ce cikin waɗanda suka fara sassabe wurin akwai wani mutum da Allah bai ba haihuwa ba. Kowa na yanka ragon suna, shi yana zuwa yana cin na wasu. Wata kaka, ana sa hatsi a rumbu, sai ya ce tun da ba shi da ɗan da zai raɗa wa suna, bari ya raɗa wa shekarar. Aka yi ta dariya, ana ce masa uban shekara, uban shekara, don a ba shi haushi. Shi kuwa ya riƙe. Baɗi ya sake, baɗin baɗaɗa ya sake, yana jero na baya kafin ya faɗi sabo. Kafin ya tsufa, in gardama ta tashi a kan wani abu da ya wuce, wurinsa ake zuwa. Gorin ya zama girma. Daga nan aka ɗauki al'ada, ba a ba kowa wannan aiki sai wanda ba shi da ɗa a raye, don ba shi da gidan da zai ja wa.

Ku duba ku gani, wannan suna yana da daɗin ji a bakin mutane, amma a gidan mai shi ciwo ne. Ni da mai gidana Allah ya ba mu, ya karɓe abinsa tun suna goye. Ranar da dattawan gari suka yi sallama a ƙofar gidanmu suka ce shi zai gaji tsohon uban shekara, ina ɗaki ina jin su. Mata suka shigo suna yi mini barka, ni kuwa na san abin da ake nufi. Gari ya fid da rai da mu ke nan. Bayan haka Allah ya sake ba mu wata ɗiya, amma ita ma ba ta zauna ba.

Shi mutum ne mara yawan magana. In ya dawo gona ya ci tuwo, sai ya zauna gindin bedi yana tufka igiya, yana jero shekarun nan a hankali kamar mai lazimi, don kada su kuɓuce masa. Ni ina tankaɗe ko ina kaɗi, suna shiga kunnena. Ban taɓa zama don in koya ba. Zama tare ne ya zuba mini su.

Sai masifar nan ta mutanen daji ta iso mu. Ba zan tsaya faɗin ta ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san ta, kuma zuciyata ba ta ɗauka. Mun bar gari gero ya fara fid da kai, ba mu girbe ko zangarniya ɗaya ba. Jama'a suka watse, wasu Zurmi, wasu Shinkafi, wasu nan Kaura, wasu ban san inda suka faɗa ba har yau. Mu muka samu ɗaki a gidan wani mai sayar da hatsi, bayan tashar jirgi. Mai gidana bai jima ba. Ba wani ciwo mai suna ya yi ba, ya dai daina cin abinci, ya daina tufka, ya daina jero shekaru. Da kaka ta zagayo na ce masa, "Malam, ita wagga shekara fa?" Ya ce, "A wane rumbu?" Bai ƙara ba. Kafin sanyi ya fita ya rasu, bai miƙa wa kowa aikin ba.

Na yi takaba a ɗakin nan, bango huɗu da ni. Da na fita sai na ga ban fita ba. Mutane suna cewa an shiga sabuwar shekara, ni kuwa a raina ina cikin waccan, wadda muka gudu a cikinta, wadda ya mutu a cikinta. Tana tsaye a bakin ƙofata kamar yadda tsofaffi suka ce. Kuma wani tsoro ya kama ni. Duk duniya ni kaɗai na rage da ke da shekarun garinmu a jere. In na kwanta ban tashi ba, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin garin ba.

Da ruwa ya sauka sai na roƙi matar mai gidan ta bar mini wani ɗan fili a bayan madafa, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ina da ragowar irin geronmu a ƙulle a tsumma, wanda na fito da shi ban ma san na ɗauko ba. Na shuka. Na yi ta faɗa da kaji da awaki duk damina. Allah ya nufa ya yi, na yanki 'yan zangarniyoyi, na ɗaure su da igiyar da marigayi ya tufka. Dami ne, amma irin wanda za ka ɗauka da hannu ɗaya. Na wanke tsohuwar tukunyar ƙasa na kafa ta a kan duwatsu, na ce ke ce rumbu.

Sai na aika. Na faɗa wa duk ɗan garinmu da na gani a kasuwa. Na ba wani direba saƙo zuwa Shinkafi, na ba wata mai tallan daddawa saƙo zuwa Zurmi. Na ce ranar kaza a zo, za a raɗa wa shekara suna. Kowa na faɗa wa sai ya ce, "To Inna, Allah shi kai mu."

Ranar na tashi da wuri. Na sussuke rabin geron na daka gumba, ƙarfina bai kai ba, ina yi ina hutawa. Na aro tabarmi a maƙwabta na shimfiɗa har bakin zaure, na maza daban, na mata daban. Na yi wanka na ɗaura zanen da na fi so. Na zauna.

Hantsi ya yi. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai in gyara zama, sai in ji ya wuce. Inuwa ta janye daga kan tabarmi, na ja su zuwa gindin bango. Kaji suka hau, na kore su. Matan gidan suna wucewa da bokiti suna kallona a kaikaice. Aka kira azahar, na yi salla a inda nake don kada wani ya shigo ya tarar ba kowa. Gumba ta fara bushewa a ƙwarya, na yayyafa mata ruwa na rufe da faifai. Na taɓa zama ni kaɗai a rayuwata, amma ban san kaɗaici yana da nauyi ba sai da na zauna a tsakiyar tabarmin da na shimfiɗa wa mutane.

Can bayan azahar sai na ji ƙarar sanda a zaure, da wata murya da na sani tun ina yarinya. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, wanda ya koma Zurmi wajen surukinsa. Tare suka tashi da marigayi, tare suka yi kokawa suna samari. Ni da shi kuwa ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Salamu alaikum. Ina amaryar da ta yi gayya ba ta ga kowa ba?"

Na ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, tsohon banza. Kai ɗai? Ina sauran?"

"Sauran wa? Ni ma ba gayyarki ta kawo ni ba. Ƙamshin gumba na jiyo tun daga tasha."

"Da wane haƙori za ka ci?"

"Da dasashi. Shi ya rage, kuma bai taɓa ba ni kunya ba."

Ya zauna da ƙyar, na tura masa ƙwarya da ruwa. Ya gutsura, ya daɗe yana mulmulawa a baki. Sai ya ajiye wasa ya ce, "Ke, naɗe tabarmin ga. Ba mai zuwa. Na Shinkahi sun ce hanya ba kyau, na wajenmu sun ce a gaishe ki. Amma ba hanya ba ce. In munka raɗa ma shekara suna a Kaura, to mun yarda ke nan mun zama mutanen Kaura. Kowa jira yake a koma gida a yi a gida."

Na ce, "A koma yaushe? Kai ka ga alamar komawa? Ita shekarar haka za a bar ta, kamar ɗan da ba a yanka ma rago ba?"

"Kuma ke mace ce. Ina kinka taɓa jin uwar shekara?" Ya nuna tukunyar da sandarsa. "Wagga kuma mi ce? Rumbu? Ko ɓera ya shiga ciki sai ya yi maki jaje. Ni dai na zo in hwaɗa maki don kada ki wuni kina jira. Ki yi abin da kike so, amma kada ki sa ran in amsa."

Na dube shi, na dubi tabarmi. Da na san zan iya jira da na jira, amma na san ƙirjina, na san yadda nake haki in na ɗebo ruwa. Na tashi na sa ɗan damin a tukunya, na dafa ta da hannuna kamar yadda marigayi ke dafa rumbu. Sai da na durƙusa kafin hannuna ya kai. Na yi bisimilla na fara.

Shekarar sassabe. Shekarar rijiya. Shekarar da kura ta ɗauki jakin maƙeri. Shekarar fara. Shekarar da aka yi ruwa ranar Salla. Muryata ƙarama ce, injin niƙa yana ta ƙara a waje, ko ni ba na jin kaina sosai. Amma suna zuwa, ɗaya tana jawo ɗaya. Shekarar da aka je ganin jirgi. Shekarar ƙyanda. Shekarar da akuya ta ci rawanin liman. Na ji taubashina ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya maida ta tari. Na ci gaba har na iso zamaninmu, shekarun da marigayi ya raɗa da bakinsa. Shekarar takin zamani. Shekarar da gulbi ya ci gonakin fadama.

"Kin tsallake ɗaya."

Na ce, "Ban tsallake ba. Ka ce ba ruwanka, to yi shiru."

"Kin tsallake. Tsakanin taki da gulbi akwai shekarar kabewa. A cikinta anka haihi babban ɗana, ni za ki gaya ma?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ba mantuwa na yi ba. Tun da aka raɗa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. A shekarar ne ɗiyata ta ƙarshe ta rasu, wadda ta fi duk sauran daɗewa. Ta yi tafiya, ta yi baki, tana bin ubanta har bakin gona tana riƙe da gefen rigarsa. Zazzaɓi ya ɗauke ta ana tsakar girbi. Ba a jima ba aka taru a bakin rumbu, ina bayan darni idona bai bushe ba, ina jira in ji ya ambace ta ko da a kaikaice. Sai ya buɗe baki ya ce, "Shekarar kabewa," don kabewa ta yi yawa a shekarar har ana ba jakuna. Mutane suka yi dariya suka ce mun ji. Na koma gida na kwanta. Na ci gaba da zama da shi, na dafa masa, na yi jinyarsa, amma wannan abu yana nan a ƙasan zuciyata kamar tsakuwa.

Duk na faɗa wa taubashina, ina faɗa ina kuka, hannuna a kan tukunya. Na ce, "Ɗiya tai guda, ya musanya ta da kabewa."

Ya ajiye ƙwaryar a gefe. Sannan ya ce, "Ashe bai taɓa hwaɗa maki ba. Ranar nan da anka watse, ni na bi shi bayan rumbuna. Na iske shi durƙushe yana kuka kamar mace, har da amai. Na ce, kai kuwa mi ya hana ka sa mata sunan yarinyar, wa zai ce maka don mi? Ya ce, kowane gida da gawarsa, in na sa tawa, baɗi wa zai yarda da ni? Ya ce, kuma in na sa, duk shekara sai na tsaya gaban jama'a na kira ta, uwarta tana bayan darni tana ji. Gara ta ji haushina da ta riƙa jin wannan."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Na dai san na share fuska da gefen zane, na ce, "Shekarar kabewa." Ta fita da ƙyar, kamar ana zare ƙaya. Na bi sauran har na zo kan ta ƙarshe da marigayi ya raɗa. Sai na tsaya.

Tun ina takaba na riga na zaɓi sunan da zan sa. Shekarar da uban shekara ya rasu. Don shi na shuka geron, don shi na aro tabarmi. Yana kan harshena, amma yanzu na kasa. Na dubi tsohon nan da ke zaune, na tuna shi ma wannan babban ɗan nasa a hanyar gona aka kashe shi a shekarar da muka gudu, kuma tun da ya shigo bai ambaci mutuwarsa ba. In na sa sunan mijina, ina zan kai ɗansa? Ina zan kai na sauran da ba su zo ba?

Na ce, "Kai yanzu a ina kake zuba hatsinka?"

Ya ce, "A tukunya mana, kamar kowa. Wanda ke samu da mudu ina shi ina rumbu?"

Na maida hannuna, na ɗaga murya iyakar ƙarfina, na ce, "Shekarar gero a tukunya."

Shiru. Injin niƙa ma ya tsaya. Tsohon ya ci gaba da mulmula gumbarsa. Aka kira la'asar, ya dogara sanda ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce zai yi salla a tasha don kada mota ta bar shi, hanyar Zurmi ba a yin yamma a kanta. Ya ƙulle ragowar gumbarsa a aljihu. Na bi bayansa da ido, na ce a raina shi ke nan, suna bai zauna ba. Har ya sa ƙafa a zaure, sai ya juyo. Bai dube ni ba, tabarmin ya duba, tun daga na maza har na mata, kamar mai duba jama'a. Ya gyara murya ya ce da ƙarfi, "Mun ji."

Ya fita. Ban ƙara ganinsa ba, kafin wata damina aka aiko mini ya rasu.

Na naɗe tabarmi na mayar wa masu su, na raba gumba a gidan. Da na shiga ɗaki na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata. Shekarar ta tafi. Sai a ranar na yi kukan mijina na gaskiya, wanda ba haushi a cikinsa.

Tun daga nan duk kaka nakan dafa tukunyar in jero su ni kaɗai, in raɗa sabo. Ba mai amsawa, saboda haka ban sani ba ko sunayen sun zauna. Allah ne masani.

Abin da wunin nan ya koya mini shi ne, mai riƙe wa jama'a labarinsu ba shi da wurin ajiye nasa. Kowa yana kawo masa haihuwarsa da mutuwarsa ya adana, shi kuwa nasa sai ya haɗiye, har na kusa da shi su ɗauka ba ya jin zafi. In akwai irin wannan mutum a gidanku ko a garinku, ku zauna ku tambaye shi nasa tun yana da rai. Ni na zauna da nawa tun ina yarinya har na yi furfura, amma sai da ƙasa ta rufe shi na ji nasa, kuma a bakin wani.